Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ikkilisiya a Arewa Kan Wa'azin Gafara

Zuwa ga iyayenmu shugabannin CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na jihohin Arewa, da na tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN da ikkilisiyar ECWA, da dukan fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiya.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar garken da aka danƙa a hannunku a wannan zamani mai wuya. Ni ɗanku ne, malamin makarantar Lahadi, daga cikin masu zama a benci suna sauraronku. Maganar da zan yi tana da nauyi a bakin ƙarami, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A kan gafara nake so in yi magana. Kafin wani ya juya mini zance, bari in faɗa tun yanzu: na gaskata cewa gafara dole ce a kan kowane mai bin Yesu. Bitrus ya nemi a tsayar masa da ita a sau bakwai, Ubangiji ya ce masa bakwai har sau saba'in. A kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanas ma ya yi haka duwatsu na sauka a kansa. Kowace Lahadi muna roƙon Uba ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Ba ni da ja a kan ko ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne lokacin da muke faɗinta, da wanda muke ɗora wa nauyinta, da wanda muke ƙyalewa.

Kun san yadda jana'izar mutane da yawa take gudana a ƙauyukanmu, domin ku kuke tsayawa a bakin ramin. An jera gawawwaki, mata na kuka, matasa sun tsaya gefe idanunsu jawur, ga jami'an tsaro, ga wakilin gwamnati da ya zo da buhunan shinkafa. Sai mai wa'azi ya karɓi makirufo ya ce mu Kirista ne, mun gafarta musu. Na san dalilin. Yana kallon matasan nan ne, yana tsoron kada kafin dare su tare hanya su kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma sau da yawa kalmar fasto a wannan rana ita ce ta ceci rayuka. Allah ya saka muku. Amma hana ramuwa wani abu ne, sanar da gafara a madadin matar da ba a ko tambaye ta ba wani abu ne dabam. Ita ce aka yanka wa miji. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba an riga an yafe da sunanta a gaban jama'a, aka bar ta ta koma gida ta yi ta fama da zuciyar da ba ta yafe ba, ga kuma sabon laifi a kanta na rashin zama Kirista ta gari.

Akwai wata uwa a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu da ta dawo gari wurin 'yan'uwa bayan an kashe mijinta da babban ɗanta a dare ɗaya. Ba ta fashin sujada, tana sanye da zanen zumunta, tana waƙa da sauran mata. Amma ranar jibin Ubangiji, in tiren gurasa ya iso gabanta, sai ta miƙa wa ta kusa da ita ba ta ɗauka ba. Da aka daɗe ana haka, wata dattijuwa ta ja ta gefe bayan an tashi ta tambaye ta. Ta ce, "Baba Fasto ya ce wanda bai gafarta ba kada ya ci. Ni kuwa ban san wanda zan gafarta wa ba. Ba wanda ya zo ya ce shi ne." Amsar da ta samu ita ce wadda kowa yake samu: Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Waɗanda suka kashe mata miji ba wanda ya hana su komai. Ita ce ta hana kanta teburin Ubangiji, kuma da koyarwarmu ta yi hakan.

Iyayena, ku kuka fi ni sanin Littafi, amma ku bar ni in tuna muku abin da ke ciki. Annabi Irmiya ya tsauta wa annabawa da firistocin zamaninsa domin sun ɗaure mikin jama'a sama-sama, suna cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya. Zabura cike take da kukan mutanen da aka zalunta, suna tambayar Allah har yaushe, wasu ma da kalmomin da muke jin nauyin karantawa a bagade. Allah bai cire su daga littafinsa ba. Mu ne muka cire su daga sujadarmu, muka bar waƙoƙin nasara kaɗai, har mai makoki ya rasa inda zai ajiye kukansa a cikin majami'a.

Ku dubi Yusufu, wanda muke yawan kafa hujja da shi. Ranar da 'yan'uwansa suka durƙusa a gabansa a Masar bai faɗa musu a wuya ba. Ya yi musu magana da kaushi, ya tsare su kwana uku, ya riƙe Saminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa a buhun Biliyaminu. Ba mugunta yake yi ba, domin Littafi ya ce yakan juya ya yi kuka, kuma hatsi bai taɓa hana su ba, har kuɗinsu ya mayar musu. Zuciyarsa ta riga ta saki ramuwa. Abin da yake so ya gani shi ne ko mutanen da suka sayar da ƙane ɗaya za su sake sayar da wani. Sai da Yahuza ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, sannan Yusufu ya ce ni ne. Sakin ramuwa aikin mutum ɗaya ne tsakaninsa da Allah, yana iya yinsa ko mai laifi bai taɓa tuba ba. Komawa zama tare kuwa sai da mutum biyu, kuma sai gaskiya ta fito. Ubangiji da kansa, a Luka sura 17, ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsauta masa, in ya tuba ka gafarta masa. Tsautawar tana cikin umarnin. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya a kan cewa ya yi nadama ba, ya ce wanda ya zambata zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Bulus kuma, wanda ya rubuta wa Romawa cewa kada su rama, shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da shi. Ba wanda ya ce Bulus bai gafarta ba don ya nemi hukuma ta amsa laifinta.

Muna son ba da labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa a tarurruka, kuma ya cancanci a ba da shi. Amma mukan tsallake tsakiyarsa. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sai a 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su. Ko bayan sun fara aiki tare, suna tafiye-tafiye, Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana ɗauke da niyyar kashe abokin aikin nasa. Abin da ya fara sassauta shi har da zuwan Ashafa duba mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya, da wani mai wa'azi da ya gaya masa cewa ba a yi wa mutum bisharar Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Fasto ke nan, mai karanta Littafi kullum, ya ɗauki shekaru. Don me muke ba gwauruwar ƙauye mako guda?

Ku tuna kuma da abin da ya biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. A watan Agusta na 2002 malamai 22, Musulmi da Kirista, suka sa hannu a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci mutum fiye da 200 a garin. Ban raina wannan takarda ba, amma sa hannun manya bai kai layin unguwa ba. Har yau kogin Kaduna ya zama iyaka, Kirista ya nemi haya a Sabon Tasha ko Narayi, Musulmi ya nemi tasa a Rigasa ko Tudun Wada. A Jos kowa ya san wanda zai kwana a Angwan Rogo da wanda zai kwana a Angwan Rukuba. Muna ta sanar da gafara daga bagade, yaranmu kuwa suna girma ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba.

Inda maganar ta fi zafi yanzu shi ne Arewa maso Gabas. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiyar da aka fara a Garkida a 1923 kuma aka san ta da koyarwar ƙin ɗaukar makami, su suka fi kowa shan wuyar Boko Haram a cikinmu. Yawancin 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a watan Afrilu na 2014 'ya'yansu ne. A watan Oktoba na 2014 aka mamaye hedikwatarsu a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika da aka kashe a watan Janairu na 2020, nasu ne. Mutanen Gwoza da yawa sun shafe shekaru a sansanin Minawao a Kamaru. Ana cikin haka gwamnati ta buɗe shirin gyaran tubabbun 'yan Boko Haram a 2016, aka kai su Mallam Sidi a jihar Gombe ana koya musu ɗinki da kafinta da walda, su rantse, a ba su kayan sana'a a mayar da su jihohinsu. Bayan mutuwar Shekau a 2021 dubban mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno.

Ba na cikin masu cewa a kashe su duka. A cikinsu akwai yaran da aka sace aka ba su bindiga, akwai manoman da aka tilasta, akwai mata. Kuma mu mutanen da ke karanta wasiƙun Bulus ba mu da bakin cewa mai tsananta wa ikkilisiya ba ya tuba. Amma ku duba yadda aka karɓi Shawulu, wato Bulus, bayan tubansa. Hananiya ya ji tsoro, ya faɗa wa Ubangiji muguntar da ya ji mutumin ya yi, ba a kuwa lasafta masa wannan tsoro a matsayin zunubi ba. Da Shawulu ya je Urushalima almajirai suka guje shi, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa shaida. Shi kuma Bulus har ƙarshen ransa bai daina faɗin abin da ya aikata ba, a fili, a gaban sarakuna da jama'a. Wannan ne babu a shirinmu. Mutum ya dawo da keken ɗinki sabo, matar da aka ƙona wa gida tana sansani tana jiran awon masara, ba wanda ya zaunar da su ya ce ga abin da na yi, ga inda muka binne su, ga inda aka kai 'yarki. Sai a aiko wa fasto ya shirya zukatan jama'a su karɓe shi. Ina roƙonku kada ku karɓi wannan aike hannu biyu. Ku ce za ku yi, amma da sharaɗi: a fara da waɗanda aka cuta, a faɗi gaskiya a gabansu, a raba wanda aka tilasta da wanda ya ba da umarnin yanka, na biyun ya fuskanci kotu. A Afirka ta Kudu bishop ne, Desmond Tutu, ya shugabanci hukumar gaskiya da sulhu, kuma afuwa ba ta samuwa sai mutum ya bayyana dukan abin da ya yi. Daga masu nema fiye da 7,000, mutum 849 aka ba.

Ba ma tubabbun kaɗai ba. Wanda ya fi wuyar yafewa sau da yawa maƙwabci ne, wanda ya zauna lokacin da ka gudu, ka dawo ka tarar da kwanon rufinka a kan ɗakinsa, ko ake raɗe-raɗin shi ya nuna gidanka. Wani lokaci zargin gaskiya ne, wani lokaci mutumin shi ma da ƙyar ya tsira. A Michika bayan an kori 'yan bindigar, rashin yarda ya kai har ranar kasuwa ta rabu biyu, Kirista na cin tasu Asabar, Musulmi Lahadi. Irin wannan ba wa'azi daga nesa ke warware shi ba. Sai an zauna da mai unguwa da liman da fasto, an bi kaya ɗaya bayan ɗaya, na wane ne wannan, wa ya gani, a mayar da abin da za a iya mayarwa, wanda aka yi wa ƙazafi a wanke shi.

Gwamnati kuwa ta daɗe da gane cewa gafararmu ba ta da tsada. An kafa kwamitin Fiberesima kan rikicin Jos na 1994, na Niki Tobi kan na 2001, na Bola Ajibola kan na 2008. An ji shaidu, an rubuta sunaye, an ba da shawarwari, rikicin bai fasa dawowa ba. Kwamitin Oputa kan take haƙƙin ɗan'adam, wanda Matthew Hassan Kukah yake cikin membobinsa, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Duk lokacin da muka ce mun yafe muka yi shiru, mun sauke wa mahukunta nauyin da Romawa sura 13 ta ɗora musu na hukunta mai mugunta. Gwauruwa tana iya yafe jinin mijinta a zuciyarta. Ba ta da ikon yafe wa gwamna aikinsa, ku ma ba ku da shi.

Yanzu ga abin da na fi jin nauyin rubutawa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kullum muna magana kamar mu ne masu yafewa, wasu ne masu laifi. A Yelwa ta Shendam, ranar 24 ga Fabrairu 2004, an kashe Kirista da dama, da yawansu a harabar majami'ar COCIN. Wannan muna tunawa. A ranakun 2 da 3 ga Mayu na 2004 aka kai harin ramuwa a garin, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta Musulmin da aka kashe da kusan 660, daga nan Kano ta kama da wuta aka kashe fiye da 200, har Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Muna tuna Dogo Nahawa na watan Maris 2010, ya kuma kamata mu tuna. Amma a watan Janairun 2010, a Kuru Karama, an kashe Musulmi aƙalla 150, aka jefa gawawwaki a rijiyoyi. A rikicin bayan zaɓen 2011 an ƙona mana majami'u da yawa a garuruwan Arewa, an kashe mana mutane, a Zonkwa kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu sunayensu na baftisma ne, wasu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, wasu suna zuwa jibi har yau ba wanda ya tambaye su komai. Wace ikkilisiya ce ta taɓa sa ɗanta a ƙarƙashin horo domin ya kashe Musulmi? Muna dakatar da yarinyar da ta yi ciki ba aure, mu zaunar da ita a bencin baya, mai jini a hannu kuwa yana karɓar baiko. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

Na san amsar da za a ba ni: su suka fara, kuma su sun taɓa neman gafararmu? Wanda ya fara ya danganta da shekarar da mutum ya soma ƙirga. Ko da su suka fara, Matiyu sura 5 ba ta ce ka jira ba. Ta ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna. Ayar tana magana da wanda ake ƙara, kuma a wasu garuruwan mu ne. Ban ce a ɗora wa dukan Kirista laifin wasu ba, kamar yadda ba na yarda a ɗora wa dukan Musulmi laifin Boko Haram, alhali Musulmin da ƙungiyar ta kashe ba su ƙirguwa, alhali kuma Liman Abubakar Abdullahi na Nghar a Barkin Ladi ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa a watan Yuni na 2018 ya ƙi miƙa su. Amma shugaban da yake da bakin cewa mun yafe a madadin jama'arsa, ya kamata ya sami bakin cewa mun yi laifi a madadinsu.

Ko a cikin gida haka muke yi, a ce da matar da miji ya fasa wa baki ta gafarta ta koma ɗakinta yau, shi kuwa ba a ko kira shi gaban dattawa ba. Wannan magana ce ta wata rana, na ambace ta ne don ku ga cutar ɗaya ce.

Ga roƙona. A wurin jana'iza ku hana ramuwa da dukan ƙarfinku, amma ku bar masu makoki su yi makokinsu, kada ku yafe da sunansu. Ku gaya wa gwauraye a fili cewa mai fama da zuciyarsa, yana so ya yafe bai iya ba tukuna, teburin Ubangiji nasa ne. A makarantunmu na tauhidi, irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos, a koya wa fastoci masu tasowa yadda ake zama da wanda ya ga an yanka ɗansa, domin wannan shi ne aikin da ke jiransu a ƙauyukan da za a tura su. Kowace gunduma ta rubuta sunayen waɗanda aka kashe mata da ranakun, ta riƙa kai wa hukuma ba gajiya. Sa'an nan a babban taronku na gaba, ku sa maganar Yelwa da Kuru Karama da Zonkwa a cikin abubuwan tattaunawa, ku zaɓi dattawan da za su je su zauna da iyalan waɗanda aka kashe, ba 'yan jarida, ba kyamara, su saurare su har su gama.

Ubangiji ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ɗanku cikin Almasihu,
Wani malamin makarantar Lahadi, Jos.